Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ƙungiyoyin Hausawa Mazauna Amurka kan Kaburburan Gandayen Rake na Luwiziyana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugabanninmu, limamanmu, iyayenmu mata da 'yan'uwa ɗalibai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu wannan wasiƙa aikinmu bin diddigin iyalai ne ta hanyar tsofaffin takardu da maƙabartu. Mun rubuto da roƙo guda: ku ɗauki gandu ɗaya daga cikin tsofaffin gandayen rake na jihar Luwiziyana, ku taimaka a gano sunayen mutanen da ke kwance a maƙabartarsa da aka yi watsi da ita. Gandu ɗaya tak, amma a bi shi har ƙarshe.

Ga dalilin da ya sa muka nufo ku. Tsakanin New Orleans da Baton Rouge, a gaɓar kogin Misisifi hagu da dama, gandaye ne jere da juna a ƙarni na 18 da na 19. Bayi ne suka sare kurmin, suka ɗaga jingar da ke tare ruwan kogi, suka noma baba da fari, daga 1795 kuma aka koma rake. Jiragen bayi daga Afirka sun fara isowa a 1719. A 1984 masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta ci karo da tsofaffin takardu a kotun gundumar Pointe Coupee, ta lura magatakardan Faransa da na Sifen sukan rubuta ƙabilar bawa a gefen sunansa. Ta dage tana tattarawa har rumbun bayananta ya fito a 2000, da bayanai sama da 100,000 daga 1719 zuwa 1820. A cikinsu akwai mutum fiye da 100 da aka rubuta a matsayin Hausawa, kusan dukkansu maza. Ba su kai 'yan Kongo ko Mandinka ko Yarbawa ko Ibo yawa ba, don mafi yawan Hausawan da aka tsallakar da su teku Bahia ta Brazil aka kai su. Amma suna nan a rubuce, da suna da shekaru da farashi da sunan ubangida. Abin da babu shi ne inda aka binne su.

Dokar bayi ta Faransa da aka kafa wa Luwiziyana a 1724 ta ce bawan da aka yi wa baftisma a binne shi a maƙabartar coci, wanda kuwa ya mutu ba a yi masa ba a binne shi da dare a wani fili kusa da inda ya cika. Ko waɗanda aka yi wa baftismar, idan coci na da nisa, a gandun ake rufe su. Babu dutse, babu rubutu, sai dai gicciyen katako ko ƙarfe da ke ruɓewa. Bayan an 'yanta bayi, jikokinsu sun ci gaba da binne mamatansu a wuraren nan har cikin ƙarni na 20, sannan inji ya karɓe aikin yankan rake, mutane suka watse zuwa birane, ciyawa ta rufe.

Yanzu wannan gaɓar ta cika da matatun mai da masana'antun sinadarai, kuma kullum ana sayen sabon fili. A 2013, binciken da aka yi a filin kamfanin Shell kusa da matatarsa ta Convent ya gano maƙabartun gandayen Bruslie da Monroe, inda aka ƙiyasta mutum har 1,000. A 2018 aka kafa alluna da haɗin gwiwar gidan tarihi na River Road African American Museum da ke Donaldsonville. A gundumar St. James, wata taswira ta 1878 ce ta nuna maƙabarta a tsohon gandun Buena Vista, cikin filin da kamfanin Formosa Plastics ya saya, kuma sai da alƙali ya ba da umarni kafin 'yan ƙungiyar mazauna yankin mai suna RISE St. James suka samu shiga yin addu'a a watan Yunin 2020. Wasu kuwa an riga an makara: maƙabartun Kenner da Kugler suna cikin mashigar ambaliya ta Bonnet Carré da aka kammala a 1931, duk lokacin da aka buɗe ƙofofin ruwa ya bi ta kansu.

Kafin komai, da ɗan gari akan ci gari. Waɗannan kaburbura suna da masu su: baƙaƙen Amurka na gundumomin nan, cocinsu na Baftis da na Katolika, da tsofaffin ƙungiyoyinsu na taimakon jana'iza. Ku je musu a matsayin masu kawo hannu, su ne gaba ku ne baya. Kuma kada mu je da fuskar waɗanda ba su da hannu a lamarin, domin da yawa daga cikin mutanen nan a ƙasarmu aka kama su, hannun namu ne ya miƙa su ga fataken da suka kai su bakin teku. Ku zauna da dattawa tun kafin ku buɗe takarda ko ɗaya. Tambayar da ke buɗe baki ba ita ce "ina maƙabartar bayi?" ba, sau da yawa za a ce ba a sani ba. Ku tambayi inda aka kai kakarsu, ta wace hanya aka bi da gawar, wane mai jana'iza ne ya yi aikin, wane kurmi ne iyaye ke hana yara shiga. Ku nemi izini kafin ku ɗauki murya, ku rubuta ranar hira da shekarun mai magana, ku kuma ware abin da ya gani da idonsa daga abin da aka ba shi labari.

Daga nan sai ƙasa. Wanda ya fara da neman sunan mutum zai ɓata wata da watanni a banza, domin bawa ba ya da sunan dangi a takarda, kuma Jean ko Marie sun kai ɗaruruwa a gunduma guda. Fili kuwa ba ya gudu. Faransawa sun yanka gonakin siri-siri, kowace da ɗan baki a kogi da tsawo zuwa cikin fadama, yawanci arpent 40, wato wajen kilomita 2.3, tunda arpent ɗaya mita 58 ne da 'yan kai. Tsarin kusan iri ɗaya ne: jinga, hanya, gidan maigida, ɗakunan bayi, matsar rake, gonaki, sai fadamar baya. Maƙabarta takan faɗo a bayan ɗakunan bayi, ko a kan iyakar gandu biyu, ko can ƙarshen gona inda ƙasa ta fara jiƙa. Alamarta a yau ita ce ɗan tsibirin itatuwa a tsakiyar gonar rake, wanda garma ta yi shekaru tana zagayewa. Manomi ba ya barin ƙasa mai kyau haka kawai, ko da yake wani tsibirin tsohuwar rijiya ce ko kangon matsar rake, don haka alama ce kawai.

Taswirori huɗu za ku ɗora kan juna. Ta mai zane Persac ta 1858 tana nuna gandaye daga Natchez zuwa New Orleans da sunayen masu su. Taswirorin ma'aikatar auna gaɓar teku na 1877 da 1878, da na hukumar kogin Misisifi da suka biyo baya, sukan sa ɗan gicciye a inda maƙabarta take. Sai hotunan sama na ma'aikatar gona daga wajen 1940, kafin masana'antu su shigo. Sai taswirar LiDAR, wadda ake aunawa da hasken leza daga jirgi, tana nuna tudu da kwarin ƙasa ko a ƙarƙashin itatuwa. Ana samunta kyauta. Manhajar QGIS ma kyauta ce, ɗalibi mai kwamfuta zai iya koyon ɗora su cikin 'yan kwanaki. Kuskuren da aka fi yi shi ne daidaita taswirori da bakin kogi. Kogin ya ci gaɓa a wani wuri ya ajiye ƙasa a wani, an kuma sha ja da jinga baya, har wasu maƙabartun suka tafi cikin ruwa. Ku daidaita da abin da bai motsa ba: kusurwar filaye, tsohon coci, mahaɗar magudanan ruwa. Ko an yi daidai, kuskuren gomman mitoci ba abin mamaki ba ne, saboda haka a zana da'ira mai faɗi, kada a sa ɗigo.

Sunan gandu yana canzawa da sabon mai shi, ana haɗe biyu, ana raba ɗaya tsakanin magada. Lambar filin a rajistar gwamnati ita ce ba ta canzawa, ita za ku riƙe. Da ita za ku je ofishin magatakardan kotun gunduma: Convent ga St. James, Donaldsonville ga Ascension, Edgard ga St. John the Baptist, Hahnville ga St. Charles, Plaquemine ga Iberville, New Roads ga Pointe Coupee. Ku fara daga mai filin na yau ku koma baya, ciniki bayan ciniki. Kowace takardar ciniki takan ambaci daga wa mai sayarwa ya samu, a gaban wane magatakarda, a wace rana. Kada ku tsallake ko ɗaya. Inda sarƙar ta tsinke, galibi gado ne ko gwanjon kotu saboda bashi, sai a nemi fayil ɗin rabon gado da sunan mamacin, ko da sunan matarsa na gidansu, don dukiya da yawa ta hannun mata ta bi.

A nan Luwiziyana ta bambanta da sauran jihohi, kuma a nan ne aikin yake da albarka. Dokarta ta ɗauki bawa a matsayin dukiya marar motsi, kamar gona. Abu ne mai ciwo a karanta, amma shi ya sa duk cinikin bawa da duk jinginarsa sai an rubuta a littafin kotu. Idan maigida ya mutu, akan zo a ƙididdige dukiyarsa ɗaki bayan ɗaki, a lissafa bayi ɗaya bayan ɗaya: suna, shekaru na ƙiyasi, ƙabila ko "haifaffen nan", sana'a, ciwo ko naƙasa, farashi. Tunda doka ta hana raba yaro ƙasa da shekara 10 da uwarsa, akan rubuta uwa da ƙananan 'ya'yanta a layi ɗaya da farashi ɗaya, kuma daga nan ake fara gina iyali. Takardun jingina na banki ma suna ɗauke da jerin sunaye. A 2005 bankin JPMorgan Chase ya amsa cewa bankuna biyu da ya gada, Citizens' Bank da Canal Bank, sun karɓi bayi wajen 13,000 a matsayin jingina tsakanin 1831 da 1865. Cinikin da aka ƙulla a birni yana rumbun takardun magatakarda na New Orleans.

Yadda ake gano wanda ya mutu a gandu ba tare da takardar mutuwa ba shi ne a jera lissafe-lissafen nan bisa shekara a shafi ɗaya, kowane mutum da layinsa. Alal misali, a ce an ga wani Musa ɗan shekara 25 a ƙididdigar gado ta 1806, aka sake ganinsa ɗan 45 a jinginar 1828, aka ga an rubuta shi tsoho marar farashi a 1841, sannan babu shi a 1847, kuma babu takardar sayar da shi ko 'yanta shi. Abin da za a rubuta shi ne: mai yiwuwa ya rasu a gandun tsakanin 1841 da 1847. Ba za a wuce haka ba. Shekarun ƙiyasi ne, a bar musu sararin biyar gaba biyar baya. Kafin a ce mutumin wannan takarda shi ne na waccan, a samu abu uku da suka dace, kamar suna da shekaru da sana'a, ko suna da mata da tabo a jiki. Masu gaggawa sukan haɗe mutum biyu su zama ɗaya, kuma idan kuskuren ya hau intanet cire shi sai an sha wuya.

Bayan 1820 magatakarda sun rage rubuta ƙabila, ga kuma dubban bayi da aka riƙa kawowa daga Bajiniya da Maryland ta jirgin ruwa; jerin sunayensu na shiga tashar New Orleans yana rumbun tarihi na ƙasa. Littattafan cocin Katolika suna cike giɓi, domin sukan ba da sunan uwa, ubangida da iyayen baftisma, wani lokaci har da binnewa. Cocin yankin Baton Rouge ya buga kundaye na musamman na mutanen da aka rubuta ba sunan dangi, na New Orleans kuma ya sa wasu tsofaffin rajistocin bayi a intanet.

Ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860 ba ta ba da sunan bawa, sai shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangida. Amfaninta kawai a ga ko adadi ya dace. Ta 1870 ce ta fara kiran kowa da sunansa, kuma a nan mutane da yawa ke maƙalewa, domin suna zaton 'yantaccen bawa sunan ubangidansa yake ɗauka. A gundumomin nan da yawa sunan mahaifinsu suka mayar sunan dangi, shi ya sa ake da iyalan Pierre, Baptiste da Honoré. Mai ƙidaya da ba ya jin Faransanci kuma yakan rubuta yadda kunnensa ya ji, Jean ya koma John. Maganin wannan shi ne a karanta shafukan gundumar gida bayan gida, a nemo gidan mai gandun, a duba gidaje ashirin ko talatin da ke biye da shi. Za ku ga sunayen ƙididdigar ƙarshe suna fitowa, yanzu da sunan dangi. Ku kula da layin wurin haihuwa, domin akwai tsofaffin da aka rubuta musu Afirka. Ƙidayar 1880 tana faɗin dangantaka da inda aka haifi iyaye. Ta 1890 ta salwanta a gobarar 1921, don haka akwai ramin shekara 20 da sai littafin coci da na aure za su cike. Ta 1900 tana faɗin 'ya'ya nawa mace ta haifa da nawa ke raye. Bambancin shi ne ƙananan kaburburan da za ku gani a fili. Ta baya-bayan nan da aka buɗe ita ce ta 1950.

Tsakanin 1865 da 1872 hukumar kula da 'yantattun bayi, Freedmen's Bureau, ta ajiye yarjejeniyoyin ƙwadago da jerin albashi gandu-gandu. Bankin 'yantattun bayi, Freedman's, daga 1865 zuwa 1874, yakan rubuta sunan iyaye da 'yan'uwan mai ajiya. Mafi daraja duka su ne fayilolin fansho na baƙaƙen sojojin yaƙin basasar Amurka, waɗanda Luwiziyana ta ba da sama da 24,000. Matar da mijinta ya mutu sai ta kawo shaidu kafin a biya ta, shaidun kuwa sukan faɗi wa ya ɗaura auren, a wane gandu, wa ya haƙa kabarin. Takardar mutuwa ta jiha ba ta zama ruwan dare a karkara ba sai bayan 1910, amma idan an same ta tana faɗin wurin binnewa da mai jana'iza, kuma gidajen jana'iza na baƙaƙe da yawa suna riƙe da tsofaffin littattafansu. Wannan hanya ta yi aiki a zahiri: daga cikin mutum 272 da limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit masu jami'ar Georgetown suka sayar a 1838, an bi sawun wani yaro Cornelius Hawkins har zuwa kabarinsa a Maringouin, inda dutsen ke ɗauke da laƙabinsa Neely. Wanda ya tsaya neman Cornelius kaɗai da ya wuce shi.

Sai an gama wannan ake taka fili, da izinin mai shi a rubuce. Lokaci mafi kyau daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan yankan rake, ciyawa ta kwanta, macizai sun yi sanyi. Duk da haka a sa dogon takalmi da safar hannu, saboda akwai macijin fadama mai dafi, da tururuwa mai harbi, da ganye mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Mutum huɗu zuwa shida sun isa. Kayan aiki: tef biyu na mita 50, kamfas, ƙananan tutoci, almakashin reshe, madubi, kyamara, da fom ɗaya ga kowane kabari. A kafa turke biyu a wajen maƙabartar a ja layi tsakaninsu, duk awo daga wannan layi za a yi. Kada a dogara da GPS na waya, kuskurensa mita 3 zuwa 5 ne, alhali tsakanin kabari da kabari bai fi mita ɗaya ba.

Abin da ake nema shi ne lotsawar ƙasa, wajen mita 2 a tsawo da ƙasa da mita ɗaya a faɗi, a jere layi-layi. Na yara gajeru ne. Da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta karkata, inuwa ke fito da su, haka ma bayan ɗan yayyafi idan ruwa ya kwanta a ciki. A yanke ƙananan rassa da hannu daidai ƙasa. Kada a tumɓuke saiwa, kada a sa wuta, kada tarakta ta shiga, kada a soka ƙarfe a ƙasa. Babbar ɓarnar da masu kyakkyawar niyya ke yi ita ce shara. Fasasshen faranti, kwalba, bawon kawa, guntun bututu, tubali ɗaya, ɗan ƙarfen gidan jana'iza da rubutunsa ya goge: wannan duk alamar kabari ce da dangi suka ajiye. Wanda ya tattara su a buhu ya share taswirar wurin da hannunsa. A ɗauki hoto, a auna, a bar shi inda yake.

Inda aka samu dutse ko siminti mai rubutu, ruwa da burushi mai laushi sun wadatar, ko ruwan wanki na D/2 da masu gyaran kaburbura ke amfani da shi. Bilic, burushin waya, injin feshi mai ƙarfi, alli da kumfar aski duk suna cin fuskar dutse. Rubutun da ya dushe, a tsaya a gefe da madubi a karkato hasken rana ya shafi fuskar dutsen, haruffa za su fito. A kwafe shi yadda yake har da kuskurensa. Dutsen da ya faɗi a bar shi a kwance har mai sana'ar ya zo.

Mutane na son na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa, kuma tana da amfani, amma a san iyakarta kafin a kashe kuɗi. Ba ta nuna ƙashi, sai wurin da aka taɓa haƙawa. Jiƙaƙƙen yumɓu na shanye siginarta, ƙasar bayan gandu kuwa yumɓu ce kuma ruwa na kusa, akwatin katako ya daɗe da ruɓewa, saiwar itace na yin kama da kabari. Ku tambayi mai aikin tazarar layukansa: santimita 25 zuwa 50 ake so, da eriya ta wajen megahaz 400, ba bayan ruwan sama ba, kuma layukan su ratsa kaburbura ta faɗi. Idan rahoto ya ce ba a ga komai ba, wannan bai nuna babu kowa ba, kuma kada ku yarda a yi amfani da shi a ce fili ya tsarkaka.

Ga inda ku kuka fi kowa. Bafaranshe ba ya furta harafin H, don haka a nemi ƙabilar da rubutu iri-iri, Aoussa, Haoussa da makamantansu. Sunayenmu ma an murɗe su, kuma kunnen Bahaushe ne zai ji Ɗanjuma ko Balarabe ko Audu ko Talatu a cikin rubutun da wani zai wuce. Sanarwar cigiyar bayin da suka gudu a jaridu, tun daga Moniteur de la Louisiane da ta fara fita a 1794, takan kwatanta tsagar fuska. Dattawanmu da wanzamai sun san aska ta wace ƙasa ce. Sai dai a yi hattara. Musa ko Fatima kaɗai ba hujja ba ce, Fulani da Mandinka da Wolof duk suna da su. "Hausa" a bakin dillalin bayi kan haɗa duk wanda ya fito daga arewa yana jin harshen. Gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) da kamfanoni ke sayarwa ba ya iya tabbatar da ƙabila, domin alamomin da yake dubawa a warwatse suke cikin al'ummu da yawa na Afirka ta Yamma. Haka batun alƙibla: kaburburan Kirista a can gabas da yamma suke, kai a yamma, mu kuwa a gida kudu da arewa muke haƙawa, kai a kudu fuska a gabas. Idan kun ga kabari ɗaya ya saɓa wa layi ku rubuta shi, ku sa mai rada ya bi filin ta fuska biyu, amma ƙurewar wuri ko bakin magudana ma kan sa haka. A rahotonku a raba kalmomi uku, tabbas, mai yiwuwa da zato, kowane suna da nasa.

Limamanmu sun san hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, da hanin zama a kan kabari. Wannan ya isa ya hana mu tono. Doka ma ta hana: a Luwiziyana wanda ya ci karo da kabari marar alama ko ƙashin mutum zai tsayar da aiki, ya sanar da 'yan sanda cikin awa 24 da sashen binciken kayan tarihi na jiha cikin awa 72, kuma ba a haƙa sai da lasisi. Yawancin waɗanda ke kwance a wuraren nan Kiristoci ne, jikokinsu ma haka. Kada a kafa wata alama ta addini ko a shirya taro ba da yardar dangi ba.

Abin da ke kare maƙabarta a ƙarshe shi ne shigarta rajista. Dokar tarayya ta 1966 ta wajabta wa duk aikin da ke buƙatar lasisin gwamnatin tarayya ya duba wuraren tarihi kafin a fara, masu dubawar kuwa rajistar jiha suke fara buɗewa. Wurin da ba shi da lamba a can sai a wuce ta kansa. Ku miƙa taswira da jerin sunaye da hujjar kowane suna ga sashen kayan tarihi na jiha, kwafi ga cocin dangi, kwafi ga ɗakin karatu na gunduma, kwafi kuma ga Arewa House a Kaduna ko sashen tarihi na wata jami'armu. Ainihin wurin kada a watsa shi a Facebook, akwai masu haƙar kwalabe da ɓarayin ƙarfe. A Disambar 2022 an sa hannu kan dokar tarayya ta kare maƙabartun baƙaƙen Amurka, mai izinin dala miliyan 3 a shekara ta hannun hukumar gandayen shaƙatawa ta ƙasa, amma izini daban sakin kuɗi daban, don haka kada ku jira shi.

Abin da muke roƙo a aikace ba ya da yawa. Kowace ƙungiya ta ware mutum biyar: mai karanta Faransanci, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi su ne gaba a nan, ko da yake rubutun hannu na 1800 sai an saba, mai iya taswira, mai haƙurin zaman kotu, dattijo ko dattijuwa mai iya hira da tsofaffi, da mai riƙe lissafi, domin kuɗin kwafin takardu da man mota da masauki ne za su ci asusu kafin a zo kan rada. A wata uku na farko kada kowa ya je fili. A buɗe rumbun Hall, wanda yake kyauta a intanet, a fitar da duk wanda aka rubuta Bahaushe, a jera su bisa gunduma da sunan ubangida, a ga ubangidan da ya fi maimaituwa a wajen birnin New Orleans, a nemo filinsa. Sannan a rubuta wa gidan tarihi na Donaldsonville da cocin da ya fi kusa da filin, a tambaye su ko akwai wanda ya riga ya fara, da kuma abin da ya rage masa.

Wassalam.

Daga 'yan'uwanku, wasu masu binciken tarihin iyali da tsofaffin maƙabartu.